Yadda ake bibiyar kurakurai da ayyuka a aikin manhaja mai 'yanci

Manhaja mai 'yanci, wadda kowa ke da damar karanta tushen rubutunta, ya gyara, ya raba, yawanci 'yan sa-kai ne ke gina ta, kowa a garinsa, kowa da ɗan lokacin da ya samu. Shi ya sa matsalar da aka faɗa da baki, ko aka jefa a zauren WhatsApp, ba ta daɗewa take nutsewa. Saƙonni su binne ta, wanda ya ce zai duba ya shiga jarrabawa, bayan wata uku wani ya sake kawo ta kamar ba a taɓa jin labarinta ba. Abin da ke hana haka shi ne rijista guda, inda kowace matsala da kowane aiki ke da lambarsa, da halin da yake ciki, da sunan wanda ya ɗauke shi. Ga yadda ake kafa ta, a kuma riƙe ta.

Mataki na farko, ku zaɓi wuri ɗaya. Manyan ayyuka kowa da nasa tsarin. Mozilla, masu manhajar shiga intanet ta Firefox, na amfani da manhajar rijista mai suna Bugzilla tun 1998. Debian kuwa, wadda ke haɗa wani nau'in tsarin kwamfuta na Linux, ta imel take karɓar rahoto tun 1994, har yau. Wikimedia, masu kula da Wikipedia, ta bar Bugzilla ta koma wata manhajar rijista mai suna Phabricator a 2014, masu yaren rubuta manhaja na Python kuma sun kwashe nasu zuwa GitHub, shafin ajiye tushen rubutun manhaja, a 2022. Ku da kuke mutum uku ko biyar, kada ku wahalar da kanku da kafa taku sabar, wato kwamfutar da za ta riƙe rijistar. Ku buɗe sashen rahoton da ke maƙale da ma'ajiyar rubutunku, a GitHub ne, ko GitLab, ko Codeberg, wadda wata ƙungiya mai zaman kanta a Jamus ke gudanarwa a kan manhaja mai 'yanci. Sai ku rubuta a fayil ɗin README, wato fayil ɗin gabatar da aikin, cewa nan ake kawo ƙorafi. Duk da haka mutane za su ci gaba da kawowa ta WhatsApp, kuma bai kamata a kore su ba. Ɗaya daga cikinku ya kwafe bayanin zuwa rijista, ya mayar wa mutumin da adireshin rahoton don ya riƙa leƙawa.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi cin lokaci, kuma shi ya fi biya: ku tsara yadda rahoto zai kasance. Yawancin masu kawo ƙorafi za su rubuta "ba ya aiki" su tafi. Ba laifinsu ba ne, ba a faɗa musu abin da ake buƙata ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an tambaye shi zai nuna. A GitHub ana ajiye fom ɗin tambayoyi a cikin jakar .github/ISSUE_TEMPLATE, duk wanda ya buɗe sabon rahoto sai ya tarar da shi. Tambayoyi huɗu sun isa: me ka yi, daki-daki? Me ka zata zai faru? Me ya faru? Wace siga ce ta manhajar, a kan wace waya ko kwamfuta?

Mu ɗauki misalin manhajar ƙamus ta Hausa. Rahoto mai kyau zai zo da take kamar "Bincike ba ya gano kalmar da ta fara da babban Ƙ". A ciki mai rahoton ya ce: na buɗe akwatin bincike, na rubuta "ƙasa" da ƙaramin harafi, na zata zan ga shigarwar "Ƙasa", sai aka ce babu sakamako, da na gwada "gida" kuwa, "Gida" ta fito. Wannan jimla ta ƙarshe ta rage wa mai gyara rabin aiki, domin ta nuna inda abin ke tafiya daidai da inda yake karyewa. Wanda ya san rumbun bayanai na SQLite nan take zai yi zargin umarnin LIKE, wanda a tsarinsa na asali yake daidaita babba da ƙarami a haruffan ASCII kaɗai, A zuwa Z. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikinsu, don haka a wurinsa Ƙ da ƙ ba su da dangantaka. Da "ba ya aiki" aka rubuta, ana iya shafe kwanaki ana lalube a inda babu matsala.

Ku nemi a liƙa saƙon kuskure a matsayin rubutu, hoton allo ya zama ƙari. Rubutu ana iya bincika shi daga baya, hoto kuwa injin bincike ba ya karanta shi. Kuma ku yarda a rubuto da Hausa. Idan akwai waɗanda ba sa jin Hausa a cikinku, wani ya ƙara fassara a ƙasa.

Mataki na uku, tantancewa. Ku ware lokaci tsayayye, ko da rabin awa ne a mako, mutum ɗaya ya bi sababbin rahotanni. Aikinsa ba gyara ba ne. Zai bi matakan da aka rubuta ya ga ko matsalar za ta bayyana a wurinsa. Idan ta bayyana, ya rubuta cewa ya tabbatar, da sigar da ya gwada. Idan ba ta bayyana ba, ya yi tambaya takamaimai, cikin ladabi. Idan an taɓa kawo ta, ya rufe sabon rahoton ya nuna lambar tsohon, bayan ya kwashe duk wani sabon bayani zuwa can. Idan mutum ya cusa matsaloli uku a rahoto ɗaya, ya raba su uku, domin rahoton da aka gyara kashi ɗaya cikin ukunsa ba ya rufuwa, ba ya kuma zama a buɗe da ma'ana.

A nan ne ake liƙa lakabi. Debian na da matakan tsanani guda bakwai, kuma uku na sama suna iya hana ƙunshin manhaja shiga sabon fitarwa. Wannan ya dace da aikin da ke da dubban ƙunshi. Ku kam, matakai uku sun ishe ku: abin da ke lalata bayanan mutane ko ya hana manhajar tashi, abin da ke damu amma akwai hanyar kauce masa, da abin da zai iya jira. Ku ƙara lakabin da ke bambanta kuskure da buƙatar sabon abu, da wani na "ana jiran bayani". Lakabi guda da nake ganin bai kamata a raina ba shi ne "good first issue", domin GitHub na nuna wa sababbin shiga rahotannin da ke ɗauke da shi. Amma ku sa shi da gaskiya: ku faɗi fayil ɗin da za a taɓa, da yadda za a gwada gyaran. Ɗalibin da ya zo ya tarar da aiki mai wuya a ƙarƙashin wannan lakabi da wuya ya dawo.

Matsalar tsaro daban take. Idan wani ya gano ƙofar da za a iya satar bayanan mutane, ba a rijistar da kowa ke gani ake rubuta ta ba. Ku ajiye fayil mai suna SECURITY.md da ke nuna hanyar sanar da ku a asirce, a gyara tukuna, sannan a bayyana.

Mataki na huɗu, kowane aiki da mai shi, mutum ɗaya. Ayyukan da ba kurakurai ba, kamar rubuta jagora, fassara, ko sabunta wani tarin rubutun manhaja na wasu da kuke amfani da shi, su ma su shiga rijista ɗaya da sauran. Waɗanda kuke so su fita a siga mai zuwa ku tara su ƙarƙashin zango guda, ku sa masa lambar sigar. Ku kuma yi yarjejeniya tun farko: wanda ya ɗauki aiki ya yi shiru mako biyu, za a tambaye shi, idan bai samu sarari ba, a miƙa aikin ga wani, babu ɓacin rai. Ɗan sa-kai yana da iyali da neman abinci, kuma sunansa da ke rataye a kan rahoto yana hana wasu taɓawa.

Mataki na biyar, ku ɗaure gyara da rahotonsa. A GitHub da GitLab, idan aka rubuta "Fixes #42" a bayanin gyara, rahoto mai lamba 42 zai rufe da kansa da zarar gyaran ya shiga babban reshe, wato ainihin kwafin rubutun aikin. Amfanin ya wuce rufewar. Bayan shekara biyu, wanda ya ga wani layi mai ban mamaki zai bi sawunsa zuwa rahoton, ya karanta dalili, ya fasa gogewa. Tare da gyaran a rubuta gwaji na atomatik, a misalinmu wanda zai nemi "ƙasa" ya tabbatar "Ƙasa" ta fito. Idan kuma abu ne da yake aiki a da ya daina, umarnin git bisect, na manhajar git mai ajiye tarihin gyare-gyare, yana raba tarihin canje-canje biyu-biyu har ya kai ga wanda ya jawo matsalar. Cikin canji dubu, gwaji goma ya isa.

Rahoton da ba za ku gyara ba, ku rufe shi da dalili a rubuce. Akwai masu sa mutum-mutumi, wato shirin kwamfuta mai aiki da kansa, ya rufe duk rahoton da ya yi wata biyu babu motsi. Ban goyi bayan wannan ba. Shirun ba ya nufin matsalar ta warke, kuma wanda ya ɓata datarsa ya rubuto muku bayani ya cancanci amsa daga mutum.

Wani lokaci kuma kuskuren ba naku ba ne, yana cikin wata manhajar da kuka dogara da ita. Ku kai rahoto rijistarsu, da ƙa'idarsu, ku liƙa adireshinsa a naku, ku bar naku a buɗe har gyaran ya iso gare ku. Masu gyara Wikipedia ta Hausa suna da irin wannan rabon: tangarɗar manhajar MediaWiki, wadda Wikipedia ke gudana a kanta, a Phabricator ake kai ta, inda lambar kowane aiki ke farawa da T, amma kalmar da aka fassara ba daidai ba a maɓallan shafin, a translatewiki.net ake gyara ta, kuma duk wanda ya yi rajista a matsayin mai fassara zai iya gyarawa da hannunsa.