Kurakuran da ke kashe wa mutum sha'awar karatu, da littattafan da ya dace a fara da su

Duk wanda ya ce min "wallahi ina son karatu amma na kasa", abin da nake fara tambayarsa shi ne wane littafi ka ɗauka? Yawanci nan matsalar take. Mutum bai saba ba, sai ya ji ana ta yabon wani ƙaton littafin falsafa ko na koyon yadda ake arziki, mai shafi 400 da turanci mai tauri, ya ɗauko, shafi biyar barci ya kwashe shi, daga nan ya yanke hukuncin shi ba a halicce shi don karatu ba. Alhali littafin ne bai dace da mafari ba, lafiyar mutumin ƙalau.

Fara da labari, kuma da harshen da kake tunani da shi. Ni kullum Magana Jari Ce ta Abubakar Imam nake miƙa wa mutum, littafi na ɗaya cikin ukun. Dalili kuwa gajerun labarai ne aku ke ba Musa ɗan sarki don ya hana shi fita, ka karanta guda ɗaya cikin 'yan mintuna ka rufe ka ji ka gama wani abu, kuma gobe ranka na son jin me akun zai zo da shi. Wannan son jin gaba ɗin shi ake nema, shi ke maida mutum makaranci. Bayan shi Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, ɗan siriri ne, cakwakiyar Alhaji Imam da Malam Zurƙe kaɗai ta isa ta riƙe ka har ƙarshe. In kana son abin da zai taɓa zuciya to Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, yaron da aka sace aka ratsa sahara da shi, uwarsa na bin sawunsa. Mai son rayuwar gidan aure da kishi ya nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu.

Kuma don Allah a daina jin kunyar karanta labari. Akwai masu ganin in ba littafin ilimi ba ne ɓata lokaci ne, ni ban yarda ba sam, ai ta labarin ido ke sabawa da zama a kan shafi, daga baya manyan littattafan su zo da sauƙi.

Masu son na turanci su ma kuskurensu ɗaya ne, duk kalmar da ba su gane ba sai sun tsaya sun buɗe ƙamus, kafin a gama shafi labarin ya tsere. Ja layi a ƙarƙashinta ka wuce, sau da yawa jimlar gaba za ta fassara maka ita. Animal Farm na George Orwell (1945) gajere ne, akwai ma fassararsa ta Hausa, Gandun Dabbobi, sai ka haɗa biyun. Things Fall Apart na Chinua Achebe (1958) shi ma turancinsa a miƙe yake.

Sai batun tara PDF. Za ka ga mutum ya sauke littafi ɗari daga gurup ɗin WhatsApp ko Telegram, duk suna jibge a waya, ya buɗe ɗaya yana layi na uku saƙo ya faɗo daga sama, ya ce bari in duba kawai, awa guda kenan ya tafi. In a wayar za ka karanta kashe data tukuna, in da hali ma nemi na takarda ka bar wayar a wani ɗakin. Littafi ɗaya tak a lokaci guda.

Jiran sai an samu lokaci ma yaudarar kai ce, lokacin ba ya zuwa. Ɗaura karatun a jikin abin da dama kake yi kullum, kamar kafin ka kwanta, ka ajiye littafin kan filo tun da safe yadda dole sai ka ɗaga shi. Shafi 10 kawai. Lissafa ka gani, shafi 10 kullum shafi 3,650 ne a shekara, wajen littafi 18 kenan masu shafi 200. In rana ɗaya ta kuɓuce kar ka ce gobe sai na rama ashirin, ci gaba da gomanka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mai tilasta wa kansa gama littafin da ya gundure shi, wata uku yana jan abu ɗaya, ba ya karantawa kuma bai yarda ya ɗauki wani ba. In ka kai shafi 40 ko 50 ba ka damu da abin da zai faru gaba ba, ajiye shi ka ɗauki wani, yana nan za ka iya komawa kansa bayan shekara.