Babi na Bakwai: Odar Dafaffen Abinci a Makon da Aiki Ya Yi Yawa

Akwai makon da aiki kan sha kan mutum, ya fita da duku-duku, bai dawo ba sai dare ya raba, ga gajiya ga yunwa, kuma ba shi da ƙarfin ɗora tukunya balle zuwa cefane. A irin wannan mako ne wasu ke komawa ga kamfanonin da ke dafa abinci su zuba a mazubai, su kawo wa mutum har ƙofar gida, shi kuwa ya ajiye a firji yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana ɗumamawa. Kamfanin ya ɗauke masa wahalar girki, amma akwai aiki uku da suka rage a wuyansa, wato lissafin abin da zai yi oda, karanta abin da aka rubuta a jikin mazubi, da kula da abincin daga sa'ar da ya iso hannunsa har zuwa sa'ar da zai ci.

Kai wa mai aiki abinci ba sabon abu ba ne a duniya, domin a birnin Mumbai na Indiya akwai 'yan dakon da tun wajajen 1890 suke karɓar abincin rana daga gidaje su kai wa ma'aikata a ofisoshinsu da keke da jirgin ƙasa. Abin da ya sauya shi ne yanzu ana yin odar ta waya ko ta manhaja. Ya kamata mai karatu ya bambanta iri uku. Akwai wanda ake ɗauko masa abinci da zafinsa daga gidan sayar da abinci don ya ci nan take. Akwai kamfanonin da ke aiko da ɗanyun kayan girki a aune tare da takardar bayani, irin su HelloFresh da aka kafa a Balin ta ƙasar Jamus a 2011, kuma wannan ba ya raba mutum da murhu. Na uku, wanda shi ne batunmu, dafaffen abinci ne na kwanaki da yawa da ke zuwa a sanyaye ko a daskare cikin kwali guda.

Lissafi kafin oda

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙirga kwanakin mako a yi oda daidai da su, alhali abin da ya kamata a ƙirga shi ne lokutan da za a ci abincin a gida da gaske. A ɗauki misalin wata ma'aikaciyar jinya da ke da aiki daga Litinin zuwa Juma'a, wadda take cin abincin rana a wurin aiki, kuma ta san daren Alhamis za ta ci a wajen taro. Abin da take bukata mazubi huɗu ne na dare, ba goma ba, ba ma biyar ba. Sannan akwai lissafin daɗewa, domin dafaffen abinci da aka sa a firji yakan yi kwana 3 zuwa 4 ne kafin a fara shakkarsa, sai dai idan kamfanin ya rufe shi ta hanya ta musamman ya kuma rubuta wata rana a jiki. Idan kwalin ya iso mata ranar Lahadi, sai ta bar na Litinin da Talata da Laraba a firji, ta jefa na Juma'a a firiza tun a ranar, kada ta jira sai Alhamis lokacin da abincin ya riga ya kwana huɗu.

A nan ne kuma ya kamata a buɗe ido kan yarjejeniyar biya. Yawancin waɗannan kamfanoni ba sa sayar da kwali ɗaya su sallami mutum, rajista suke yi masa wadda ke sabunta kanta duk mako, su ciri kuɗi daga katinsa har sai ya dakatar da su da kansa, kuma suna da ranar da suke rufe karɓar canji, sau da yawa kwanaki kafin ranar kawowa. Ni kaina na taɓa cin karo da wannan. Na yi oda a wani mako da aiki ya matse ni, na ji daɗin abincin, na manta da maganar gaba ɗaya, sai da na yi tafiya a mako na gaba aka kira ni a waya cewa ga kwalina a bakin ƙofa. An riga an ciri kuɗin, kuma kafin in dawo abincin ya lalace. Da na koma na karanta sharuɗɗan, sai na ga an rubuta komai dalla-dalla cikin ƙananan haruffa, ni ne ban karanta ba. Tun daga nan nake rubuta ranar rufe canji a kalanda a ranar da na yi rajista. Haka kuma rangwamen da ake yi wa sabon mai saye na makon farko ne ko 'yan makonni, don haka a nemi sanin ainihin farashin da zai biyo baya tare da kuɗin kawowa, a raba jimillar da yawan mazubai, sannan ne za a san abin da ci ɗaya ya kama.

Karanta jikin mazubi

Ana jera kayan da aka haɗa abincin da su ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, saboda haka abin da aka fara ambata shi ne ya fi yawa a ciki. Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, ko madara, ko ƙwai, ko kifi, ko alkama, ko waken soya, dole ya duba wannan jeri a kowane mazubi, ko da ya taɓa cin irinsa, domin kamfani na iya sauya haɗi.

Gishiri shi ne abin da ya fi ɓoyewa a irin wannan abinci, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kwatankwacin ƙaramin cokalin shayi guda. Sai dai a jikin mazubi ba kullum ake rubuta gishiri ba, sau da yawa sodiyam, wani sinadari da ke cikin gishiri, ake rubutawa, kuma don a mayar da sodiyam gishiri sai a ninka shi sau biyu da rabi. Idan an rubuta miligiram 1,200 na sodiyam, to gishirin da ke ciki miligiram 3,000 ne, wato giram 3, wanda ya zarce rabin abin da aka yarje wa mutum a yini guda, a ci ɗaya tak. Mai hawan jini da mai ciwon ƙoda su ne suka fi bukatar wannan lissafi. A lura kuma ko lambar da aka rubuta ta dukan mazubin ce ko ta giram 100 kawai, domin idan ta giram 100 ce kuma nauyin abincin giram 400 ne, sai an ninka ta sau huɗu.

Kwanan wata iri biyu ne. Ɗaya yana cewa a ci kafin rana kaza, wannan maganar lafiya ce, ba a ƙetare shi ko da abincin bai sauya kama ko ƙamshi ba. Ɗayan yana cewa abincin ya fi daɗi kafin rana kaza, wannan maganar inganci ce kawai.

Daga ƙofa zuwa firji

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan yanayi ya yi musu daɗi wasunsu kan ninka yawansu cikin minti 20. Saboda haka ne ake cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje, idan kuwa zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya ce. Kwalin kan zo da ƙunshin ƙanƙara da ke tsare sanyin na ɗan lokaci, amma ba har abada ba. Da zarar an buɗe kwali, a fara taɓa ƙanƙarar, sannan a ɗora tafin hannu a kan mazuban. Idan ƙanƙarar ta narke ta zama ruwa mai ɗumi, mazuban kuma ba su da sanyin abin da aka ciro daga firji, ko murfin ɗaya ya kumbura ko ya yage, kada a ɗanɗana don gwaji. A ɗauki hoto, a sanar da kamfanin a ranar, a zubar. Hanci da harshe ba sa gano duk abincin da ya gurɓata. Wanda ya san ba zai kasance a gida ba ya zaɓi lokacin kawowa da zai tarar da shi, ko ya wakilta wanda zai karɓa ya sa a firji.

Shinkafa tana da nata hukunci. Akwai wata ƙwayar cuta da ke iya tsira daga dahuwa, idan shinkafar ta daɗe a waje sai ta farfaɗo ta fitar da dafi, kuma ɗumame ba ya kashe wannan dafin. Don haka mazubin da ke da shinkafa shi ne na farko da za a sa a firji. Idan wuta ta ɗauke, firjin da ba a buɗe ba yakan riƙe sanyinsa kimanin awa huɗu, firizar da ke cike kuwa takan kai kwana biyu.

Wajen ɗumame, a bi mintocin da aka rubuta a jiki, a tsaya a tsakiya a juya abincin, domin na'urar ɗumama abinci, wato microwave, takan bar wani gefe da sanyi alhali wani gefen yana ƙona baki. Abin da ake nema shi ne tsakiyar abincin ya kai kamar digiri 74, tururi yana tashi daga ko'ina. Ba a sa mazubin ƙarfe a cikin na'urar, kuma abin da aka ɗumama sau ɗaya ba a mayar da shi firji don a sake ɗumamawa. Mai juna biyu, da tsofaffi, da masu raunin garkuwar jiki su ƙara kiyayewa, domin akwai ƙwayar cutar da ke iya girma ko a cikin sanyin firji. Ganye da 'ya'yan itace kan yi ƙaranci a irin waɗannan mazubai, alhali ana son babba ya ci aƙalla giram 400 a rana, don haka yana da kyau a ajiye wanda ba ya bukatar dahuwa a ƙara a gefe.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya samo mazubi ko ledar wani abinci mai rubutu a jiki, ya kwafi kayan haɗi uku na farko a littafinsa, ya rubuta kwanan watan da ke jiki tare da bayanin wane iri ne daga cikin biyun. Sannan ya warware wannan: an kawo wa wani mutum mazubi shida ranar Asabar, kowanne yana da miligiram 800 na sodiyam, kuma zai riƙa cin guda ɗaya kowane dare daga ranar Lahadi. Giram nawa na gishiri ke cikin kowane mazubi, kuma mazubi nawa ya kamata ya sa a firiza tun ranar da aka kawo su?