Yadda na gano inda bayanaina ke ɓacewa a SQLAlchemy 2.0

Na ɗaga SQLAlchemy, laburaren Python na hulɗa da rumbun bayanai, daga 1.4 zuwa 2.0, wanda ya fito a Janairun 2023. Matsalolin farko ba su ba ni wahala ba, don da kansu suke ihu: an cire `engine.execute`, umarnin SQL (yaren rumbun bayanai) tsagwaronsa kuma sai an naɗe shi da `text`.

Wadda ta cinye min yini guda shiru ta yi. Ina saka sabon layi a tebur, babu ko ƙorafi, in leƙa rumbun bayanai in tarar wayam. Har na fara zargin sabar, ashe laifina ne. A da, laburaren kan tabbatar da ajiya da kansa bayan INSERT, umarnin saka sabon layi. A 2.0 an daina, idan ka buɗe `engine.connect` ka fita ba ka kira `commit` mai tabbatar da ajiya ba, sai ya warware duk abin da ka rubuta.

Na mayar da wuraren rubutu zuwa `engine.begin`, wanda ke tabbatarwa idan aiki ya kammala lafiya. Don zaƙulo sauran, na koma 1.4 na ɗan lokaci, na kunna `SQLALCHEMY_WARN_20=1`, saitin da ke gargaɗi kan abubuwan da aka cire a 2.0, na sake gwaje-gwaje. Gargaɗin ya nuna min wurare huɗu da idona ya tsallake.