Yadda ake shawo kan gansakuka a akwatin gilashin kifi

Ka kankare gilashi tas ranar Asabar, kafin Laraba kore ya sake lulluɓe shi. Duk mai kiwon kifin ado ya san wannan takaici. Gansakuka abu biyu take nema, haske da abinci, kuma muddin suna nan a wadace, gugar gilashi aikin baban giwa ne. Don haka daga tushe ake farawa, soso ya biyo baya.

Da farko, duba wace iri ce. Idan ƙura ce ruwan ƙasa a kan gilashi da tsakuwa, wadda yatsa ke sharewa, kuma akwatin sabo ne, kwantar da hankalinka, yawanci takan tafi da kanta cikin 'yan makonni. Kore mai zare-zare kamar gashi, da ɗigo-ɗigon kore mai tauri a jikin gilashi, sun fi nuna haske ya yi yawa. Akwai kuma wata shimfiɗa mai santsi, kore mai sirkin shuɗi, da ke ɓarewa kamar fata tana warin ruɓa. Wannan ƙwayoyin bakteriya ne, kuma sun fi son lungun da ruwa ba ya motsi.

Na biyu, rage haske. A nan mafi yawan mutane ke faɗuwa. Ana kunna fitila tun asuba, ba a kashewa sai za a kwanta, wato awa 15 ko fiye, alhali awa 6 zuwa 8 sun isa. Sa wa fitilar na'urar da ke kunnawa da kashewa a kan lokaci, don mantuwa ba ta da magani. In akwatin yana kusa da taga inda rana ke dukansa, matsar da shi, amma sai ka rage ruwan sosai tukuna, kada ka ja shi a cike ya tsage.

Na uku, rage abinci. Kifi gwanin roƙo ne, da ya hango ka zai taso yana buɗe baki kamar ya kwana uku bai ci ba. Kada ya yaudare ka. Zuba abin da za su cinye cikin minti 2 zuwa 3. Ragowar da ta nutse, da kashin kifin, su ne ke zama nitiret da fosfet, wato takin gansakuka.

Na huɗu, canza kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na ruwan kowane mako. Kafin ka zuƙe, goge gilashin da soson da bai taɓa ganin sabulu ba, don abin da ka kankaro ya fita tare da tsohon ruwa. Ɗigon nan mai tauri sai reza, amma in akwatin na roba ne reza za ta karce shi. Mai zare-zare kuwa, cusa tsohon buroshin haƙori ka murɗa, za ta nannaɗe a jikinsa. Sannan ka tura bakin tiyo cikin tsakuwa ka zuƙo dattin da ya kwanta. Ruwan famfo sai an sa masa maganin cire kulorin kafin a zuba. Soson matacin ruwa kuma a cikin tsohon ruwan da ka kwashe a bokiti za ka matse shi, ba a ruwan famfo ba, domin kulorin na kashe ƙwayoyin da ke zaune a cikinsa suna tsabtace ruwan.

Na biyar, kawo wa gansakukar kishiya. Tsirrai masu saurin girma suna ƙwace mata abinci, masu yawo a saman ruwa irin kainuwa kuma har da inuwa suke yi. Dodon koɗi nau'in Nerite yana lashe gilashi, ƙwansa kuma ba ya zama 'ya'ya a ruwan daɗi, don haka ba zai cika maka akwati ba. Jatan lande nau'in Amano gwani ne a kan mai zare-zare. Kifin da ake kira pleco kuwa, ni ban ba da shawararsa ga ƙaramin akwati ba: ana sayensa bai fi yatsa ba, ya girma ya haura santimita 30, kashinsa ya fi aikinsa yawa.

Idan ruwan kansa ne ya koma kore shar har ba a ganin kifi, canjin ruwa kaɗai ba ya kawar da shi. Kashe fitila, lulluɓe akwatin da bargo kwana 3 zuwa 4, ka bar mataci da injin iska suna aiki, kuma ban da leƙe. Bayan nan ka canza ruwa.

Maganin kwalba shi ne na ƙarshe. Karanta jikinsa da kyau, domin mai ɗauke da sinadarin jan ƙarfe yana kashe dodon koɗi da jatan lande. Gansakukar da ta mutu lokaci guda kuma tana ruɓewa ta shanye iskar da kifi ke shaƙa, saboda haka ka kwashe ta da wuri, ka ƙara ƙarfin injin iska a daren.