Idan fowil ɗin da ka saya a hannun mutum ta fara nuna hali

Da kaka ta yi, aka sayar da riɗi da shinkafa, kuɗi ya ɗan zauna a hannu, duk wanda ya sha wuyar yashin Birniwa ko taɓon fadamar Auyo ba shi da buri sai Hilux ko Pajero mai fowil, wato mai ja da taya huɗu. Sabuwa dai ba a maganarta. 'Yar Kwatano ma, tun da Naira ta zube a 2023, ta fi ƙarfin yawancinmu. Sai a koma ga ta hannu: wani Alhaji zai rabu da tasa, dillali ya haɗa ku, ciniki ya faɗa, a biya la'ada, a shafa fatiha. Babu garanti, babu kamfanin da za ka koma wa. Ni bakanike ne a gefen Haɗeja, kuma irin waɗannan motocin su suka fi kwana a garejina.

Shawarata ta farko ba ta yi wa aljihuna daɗi, amma ita ce gaskiya. In babbar matsala ta bayyana a kwanakin farko, kada ka kawo mini in kwance. Ajiye motar. Ranar da sifana ta taɓa injin ba da sanin wanda ya sayar maka ba, ranar ka zubar da rabin hujjarka, don abin da zai ce ke nan: "Lafiya lau na ba ka ita, bakanikenka ne ya ɓata." Malamanmu na Malikiyya, waɗanda kotunan Shari'a na Kano da Jigawa ke bin fiƙihunsu, sun ce wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibi da ba a faɗa masa ba yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Amma in ya ga aibin ya ci gaba da mora, ana ɗauka ya yarda ke nan. Wato in ka ji aksil na gurnani ran Litinin, ran Alhamis kuma ka loda mata buhuna zuwa kasuwar Maigatari, to kai ka yanke wa kanka hukunci.

A ranar da ka ga matsalar, ɗauko waya ka yi bidiyo: lambar kilomita a dashbod, ƙarar da kake ji, hayaƙin, man da ke ɗiga. Ka kira mai motar na da, ka kira dillali, sannan ka bi su da saƙon murya a WhatsApp, domin kira yana wucewa, saƙo kuwa yana nan da ranarsa.

Sai dai ba kowace matsala ce aibi ba, kuma a nan mutane ke zubar da girmansu. Birki, shakazoba, batir, fanbel, taya, duk naka ne, tsohuwar mota ka saya. Wanda ya je ƙofar gidan mutum yana ɗaga murya a kan kulocin da ya ƙone bayan wata uku yana turza ta a yashi, dariya za a yi masa. Aibin da ake magana shi ne wanda aka sani aka lulluɓe, kuma lulluɓi yana barin alama.

Fara da abin da ka biya kuɗi dominsa, wato fowil ɗin kanta. Shimfiɗa buhu ka kwanta a ƙarƙashi. Dole ka ga furofela biyu, wato sandunan ƙarfe masu juyawa, sun fito daga ƙaramin giyabos mai raba ƙarfin injin gaba da baya, ɗaya ta nufi aksil na baya, ɗaya ta nufi na gaba. Wani dattijo daga wajen Guri ya taɓa kawo mini tasa, ya ce, "Yaro, fitilar fowil tana kamawa, amma da na shiga yashi baya kaɗai ke haƙa." Na ce, "Baba, bari in leƙa." Furofelar gaba babu ita sam. Ramukan noti huɗu da ke riƙe ta sun cike da busasshen taɓo har da saƙar gizo, alamar an daɗe da cirewa. Fitilar nan a tsofaffin Hilux ɗan makunni ne a jikin ƙaramin giyabos ke kunna ta, ba ruwanta da ko tayar gaba na ja. Ba wanda zai ce bai san an cire furofela daga motarsa ba.

Abin da ke sa a cire ta kuwa, ko haƙoran aksil na gaba sun kakkarye, ko an taɓa canza aksil ɗaya da wanda lissafinsa bai dace da ɗan'uwansa ba. Wannan na biyun ya fi wahalar ganewa. Hilux na zuwa da lissafi iri-iri: wani aksil haƙora 41 ne a babban faranti da 10 a ƙaramin, wato 4.10, wani 41 da 9, wato 4.56. In na gaba da na baya suka saɓa, tayoyin gaba da na baya ba za su yi gudu ɗaya ba. Gwajin ba wuya: nemi ƙasa mai tauri, kulle hob biyu na gaba, wato makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba, su nuna LOCK, sa libar fowil a 4H, ka tafi a miƙe a hankali. In mota ta ɗaure, taya na tsalle, liba ta ƙi fita, to akwai magana. Kafin ka zargi kowa, duba tayoyin, don girmansu in ya bambanta shi ma yana kawo haka. Wadda ba ta da hob na hannu, galibi ɗan injin lantarki ko na zuƙar iska ne a jikin aksil ke haɗawa, kuma ruwa ne babban makashinsa.

Daga nan sai mai. Aksil biyu da ƙaramin giyabos kowanne da nasa. Kwance notin zubawa na sama tukuna kafin na tsiyayewa, kada ka zubar da mai sannan ka tarar na saman ya ƙi kwancewa. Sa yatsa. Mai mai lafiya yana bakin ramin, da ɗan duhu da warinsa mai ƙarfi. In ya fito fari-fari da kauri kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. Notin ƙasa yana da maganaɗisu: laushin baƙin gari a jikinsa ba komai, amma ɓarɓashin ƙarfe da kake ji a yatsa haƙori ne ke ci. Ka yi wa kanka adalci a nan. Aksil mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi yana zuƙar ruwa ta hancin numfashinsa, saboda haka in kai ka ratsa fadama da ita jiya, kada ka ɗora wa bawan Allah.

Tun bayan ambaliyar 2022 a nan Jigawa, da ta Maiduguri a Satumbar 2024, nake ƙara duba wani abu. Ɗaga kafet, leƙa ƙarafan da kujera ke gudu a kai, ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, buɗe akwatin fiyus. Wanki ba ya kai wa nan. Tsatsa da layin laka a waɗannan wurare na nufin motar ta kwana a ruwa, kuma wayoyinta za su yi ta ba ka ciwon kai ɗaya bayan ɗaya.

Injin kuma da sassafe ake tambayarsa, kafin ya yi zafi. Buɗe murfin lagireto, ka cika ruwa, ka tayar. In kumfa na ta tasowa ba tsayawa, ko tiyon sama ya yi tauri nan da nan, gasket ya ƙone ko tof silinda ya tsage. Injin dizal 1KZ na tsofaffin Prado ya yi suna a kan haka in ya taɓa tafasa. Kada ka kuskura ka buɗe murfin nan injin na da zafi, na ga fuskar da ruwan lagireto ya sale. Duba ko an cire tamostat, ko ruwan na da wani gari-gari na maganin toshe yoyo, ko an ɗura baƙin mai mai kaurin gaske don a kashe ƙara da hayaƙi. Sannan murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilar mai, ta batir, da ta cek in motar na da ita, duk su kama. Wadda ba ta kama ba, galibi cire ƙwanta aka yi.

Abu ɗaya ne ba na gareji ba. Gwada lambar shasi da ke jikin ƙarfen da wadda ke takardun mota da na kwastan. In ka ga alamar goge ko walda a kewayen lambar, ɗauki dillali ku je wurin 'yan sanda da ƙafarku, kafin a tare ka a hanya.

To, ka samu hujja. Kada ka tafi kai kaɗai, kada ka tafi da zafi. Tafi da dillalin, don la'adar da ya ci ba ta gaisuwa ba ce, da dattijo guda da mai motar ke jin nauyinsa. Ku yarda a kan bakanike na uku, ba naka ba, ba nasa ba, a buɗe a gaban kowa. Kalmar "cuta" kada ta fara fitowa daga bakinka. Ka ce, "Alhaji, ga abin da muka tarar, wataƙila kai ma ba a gaya maka ba." Ka bar masa ƙofar fita, sau da yawa direbansa ne ya san abin da aka yi. In ya ce ai yadda ka gan ta haka ka saya, dattijon zai tuna masa cewa wannan magana ba ta wanke wanda ya san aibi ya yi shiru.

A ganina, kada ka kafe a kan sai an mayar maka da kuɗinka duka. Wanda ya sayar da mota, kafin sati kuɗin ya tafi aurar da 'ya ko kujerar Makka, sai ka shekara kana sintiri motar kuma na ajiye tana lalacewa. Ragi ya fi samuwa. Sa a tambayo kuɗin kayan a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano wurin mutum biyu ko uku, a haɗa da kuɗin aiki, a ajiye lissafin a gabansa. Abin da aka daidaita a rubuta, da ranar biya, shaidu su sa hannu. In ya ƙi, mai unguwa ko dagaci, in nan ma ta ƙi, sai kotu, da bidiyonka da saƙonninka da bakaniken nan na uku.

In kuwa ta tabbata taka ce da duk halinta, kashe kuɗi bi da bi. Fenti da sanyaya ɗaki su jira. Injin dizal 3L ko 5L na Hilux bel ne ke daidaita tafiyar bawul da fistin ɗinsa, ana canza shi duk kilomita 100,000, kuma tunda ba ka san gaskiyar lambar dashbod ba, canza shi yanzu, domin in ya tsinke bawul da fistin za su haɗu. Mai fetur 22R da 2TR sarƙa gare su, wannan ba ta dame ka ba. Juye duk mayukan, a wanke lagireto, a mayar da tamostat. Tsiyaye ruwan da ke ƙasan filtar dizal, musamman in kana shan man 'yan bumburutu. A ɗaga gaba a girgiza taya a duba boljoyin na ƙasa, shi ne in ya fita taya ke kwanciya ana cikin gudu. In za a sayo kaya, a tafi da tsohon a hannu a gwada. A aksil da giyabos ni na fi yarda da ɗan Beljiyam mai kyau a kan sabo mai arha, amma bel da boljoyin sabo na asali kawai.

Sauran kuma hannunka ne. A Hilux, 4H ta yashi da taɓo ce, da ka hau kwalta mayar da ita 2H ka buɗe hob. 4L sai mota ta tsaya cak ake shigar da ita. A yashi mai zurfi rage iskar taya zuwa wajen 20, ka ƙara a wurin mai faci na farko da ka tarar. Ko da rani ne ba ka bukatar fowil, kulle hob ka ɗan zaga da ita a hanyar ƙasa sau ɗaya a wata, don mai ya wanke haƙoran gaba.