Darasi Na 7: Noman Kokwamba Mai Gajeren Yaɗo a Lambun Gida

Mutane da yawa suna sha'awar shuka kokwamba a gida, amma rashin wuri ya hana su. Duk wanda ya taɓa ganin kokwamba a lambu ya san halinta. Da ta fito sai ta kama yaɗo, ta miƙa mita biyu ko fiye, ta hau duk abin da ta tarar a gabanta, ta danne maƙwabtanta. Wanda filinsa bai fi shimfiɗar tabarma ba, ina zai sa ta?

Wannan darasi zai koya mana wata irin kokwamba dabam, wadda ba ta yin nisa. Yaɗonta ba ya wuce santimita 60 zuwa 90, wato kamu ɗaya da 'yan kai zuwa kamu biyu. Tana zama a dunƙule wuri guda, ganye kusa da ganye. Ana iya shuka ta a ɗan fili, ko a bokiti, ko a baho, ko a buhu. 'Ya'yanta kuwa kokwamba ce sosai, ba ta da bambanci da wadda kuka sani.

Me ya sa take gajeruwa?

Ku dubi karan kokwamba da kyau. Za ku ga gaɓoɓi, kuma a kowace gaɓa ne ganye da fure suke fitowa. A kokwamba mai dogon yaɗo, tsakanin gaɓa da gaɓa akwai tazara. A wannan kuwa gaɓoɓin a matse suke. Shi ke nan sirrin. Ba cuta ce ta tsumbure ta ba, ba kuma rashin taki ba. Masana iri ne suka yi ta zaɓe da haɗawa har suka samo ta a haka.

Asalin kokwamba daga ƙasar Indiya ne, kuma an fi shekara 3,000 ana noma ta. Danginta su ne kankana da kabewa da duma. Amma masu gajeren yaɗo ba su daɗe da fitowa ba. Akwai iri mai suna Spacemaster, wanda aka samar a Jami'ar Cornell da ke Amurka. Akwai Salad Bush, wanda ya ci kyautar gwajin iri a Amurka a shekarar 1988. Akwai kuma Bush Champion da Bush Pickle. Ba sai kun haddace sunayen ba. Idan za ku sayi iri, ku duba jikin takardar ko akwai kalmar Bush. Haruffa huɗu ne kawai: B, U, S, H. Ku rubuta su a littafinku yanzu, domin ku gane su da idonku ba sai an karanta muku ba.

Akwai wata alama kuma da ya kamata ku sani, wato F1. Irin da ke da wannan alama haɗaɗɗe ne daga uwa da uba dabam-dabam. Yana da ƙarfi, yana bayarwa da kyau, amma idan kuka ajiye 'ya'yansa kuka sake shukawa, abin da zai fito ba lalle ya yi kama da na farko ba. Kada ku dogara da ajiye irin F1.

Wuri da ƙasa

Kokwamba 'yar rana ce. Tana buƙatar hasken rana na awa 6 zuwa 8 kowace rana. Kafin ku shuka, ku ɗauki yini guda kuna lura da wurin: yaushe rana take isowa, yaushe inuwar bango ko ta itace take rufe shi. A inda zafi yake da tsanani, wurin da ke samun ranar safe da 'yar inuwa da la'asar ya fi dacewa.

Ƙasar kuma ta zama mai laushi, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Ku kafce ta zurfin taƙi ɗaya da rabi, ku farfasa hoge, ku gauraya ta da ruɓaɓɓen taki. Na ce ruɓaɓɓe, kuma ina so ku riƙe wannan kalma. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona saiwa, yana kuma iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, ga shi kokwamba ɗanya ake cin ta. Takin da ya ruɓe baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba ya wari.

Wanda zai shuka a bokiti ya nemi mai cin lita 20, zurfinsa ya kai santimita 30. Ya huda gindinsa wuri biyar ko shida domin ruwa ya riƙa fita. Tsiro ɗaya ne a bokiti ɗaya. Kada a yi amfani da mazubin da aka taɓa zuba mai ko maganin ƙwari a ciki.

Shuka

Kokwamba ba ta son sanyi ko kaɗan. Idan ɗumin ƙasa bai kai digiri 15 ba, irin yana iya ruɓewa bai tsiro ba. Idan ya kai 25 zuwa 30, cikin kwana 3 zuwa 7 za ku ga tsiro. Saboda haka a jira sanyi ya wuce.

Ku tona ɗan rami zurfin gaɓar yatsa ɗaya, wato kamar santimita 2. Ku jefa ƙwaya biyu ko uku, ku rufe, ku yayyafa ruwa a hankali. Tsakanin rami da rami ku bar kamu ɗaya, santimita 45 zuwa 60. Kada gajartarta ta ruɗe ku ku cunkusa ta, domin ganyenta yana son iska ta ratsa shi.

Ganye biyu na farko da za su fito masu santsi ne, ba su yi kama da na kokwamba ba. Ku jira har ganyen gaske guda biyu su bayyana, masu kaushi da faɗi. Daga nan ku zaɓi tsiron da ya fi ƙarfi a kowane rami, ku yanke sauran daga gindi. Yankewa za ku yi, ba tumɓukewa ba, don kada ku girgiza saiwar wanda kuka bari. Saiwar kokwamba ba ta son a taɓa ta. Shi ya sa ma dashe yake ba ta wuya, kuma ya fi kyau a shuka ta kai tsaye a inda za ta zauna.

Ban ruwa

A nan nake so mu tsaya, domin nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Idan kuka raba kokwamba kashi 100, kusan kashi 95 ruwa ne. Saiwarta kuma yawancinta a sama-sama take, ba ta nutsawa can ƙasa ta nemo danshi. Ke nan duk ranar da saman ƙasa ya bushe ƙayau, ta shiga wahala.

Abin da take so shi ne danshi wanda ba ya yankewa. Yau a cika ta da ruwa, a manta da ita kwana huɗu, sannan a dawo a malale ta, wannan shi ne abin da ya fi cutar da ita. Fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana buƙatar kamar lita 25 a mako, a raba shi sau biyu ko uku. Lokacin zafi, ko idan ƙasar mai yashi ce, sai a ƙara. Ta bokiti kuwa kullum ne, wani lokaci ma safe da yamma, domin ƙasar bokiti ba ta da inda za ta aro danshi.

Yatsanku shi ne ma'auni. Ku cusa shi cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. Idan kun ji bushewa, ku ba da ruwa. Idan kun ji danshi, ku dakata. Idan ƙasar ta caɓe tana manne wa yatsa, ruwa ya yi yawa, kuma saiwa tana iya ruɓewa.

A zuba ruwan a gindi, da safe, kada a jiƙa ganye. Ganyen da ya kwana a jiƙe shi ne ƙofar cuta. Bayan tsiro ya ɗan tasa, ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa kewaye da gindin, kaurin yatsu uku, amma kada ta taɓa karan. Wannan shimfiɗa tana riƙe danshi, tana hana ciyawa fitowa, tana kuma raba 'ya'yan da ƙasa.

Ni kaina na taɓa yin tafiyar kwana uku na bar bokitaina ba mai duba su. Da na dawo ganyen ya yi yaushi. Na ba su ruwa, suka farfaɗo, na ɗauka magana ta wuce. Sai da na tsinki 'ya'yan na ji ɗaci. Ɗacin nan wani sinadari ne mai suna kukubitasin, wanda ke cikin ganye da karan kokwamba. Idan ƙishi ko tsananin zafi ya matsa mata, sai ya yawaita a cikin 'ya'yan, musamman ta wajen gindi, wato inda suke manne da kara, da ƙarƙashin ɓawo. Idan ɗacin kaɗan ne, a yanke gindin a fere ɓawon. Idan duk jikinta ɗaci ne, a yar da ita, kada a ci.

Da furanni sun fara fitowa, ku ƙara mata ɗan ruɓaɓɓen taki a gefe. Ta bokiti a riƙa ƙara mata kaɗan-kaɗan duk mako biyu, tunda ruwa yana wanke abincin ƙasar. Kada a cika mata takin zamani mai sa ganye, sai ta yi ta ganye kore shar, 'ya'ya kuwa babu.

Fure namiji da fure mace

Bayan wata ɗaya ko fiye kaɗan za ku ga furanni ruwan ɗorawa. Kwana biyu sai ku ga suna zubewa ba su bar komai ba. Kada hankalinku ya tashi. Kokwamba tana da fure iri biyu a jiki ɗaya, kuma mazan ne suke riga fitowa. Namiji yana kan siririn tsinke. Mace kuwa za ku ga 'yar mitsitsiyar kokwamba a bayanta. Matan sukan biyo baya da mako ɗaya ko biyu.

Ƙudan zuma ne yake ɗaukar garin fure daga namiji ya kai wa mace. Kowane fure yini ɗaya yake buɗewa. Idan garin bai isa ba, 'yar kokwambar sai ta yi rawaya ta faɗi, ko ta girma a karkace, gefe ɗaya da ƙiba gefe ɗaya a tsuke. Idan ƙudan zuma ba ya zuwa gidanku, ku yi aikinsa da hannu. Da safe ku tsinki fure namiji, ku cire kunnuwansa, ku goga tsakiyarsa a tsakiyar furen mace a hankali. Kuma kada a yi feshin maganin ƙwari lokacin da furanni suke buɗe, domin za a kashe mai taimako.

Ƙwari da cuta

Kullum ku riƙa ɗaga ganye kuna duba bayansa, rigakafi ya fi magani. Akwai ƙananan ƙwari masu taruwa a nan suna tsotse ruwan ganye har ya nannaɗe. Su ne kuma suke yaɗa cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare. Ku wanke su da ruwa tun suna kaɗan. Tsiron da ya kamu da cutar dabbare-dabbare ba ya warkewa, a cire shi a fitar da shi daga lambun. Idan kuka ga wani abu fari kamar an barbaɗa gari a kan ganye, ku yanke ganyen da ya kamu, ku ba sauran iska. Kuma kada a maimaita kokwamba ko danginta a ƙasa ɗaya sai bayan shekara biyu ko uku.

Ɗiba

Daga shuka zuwa ɗiban farko kwana 50 zuwa 60 ne. Ana tsinkar kokwamba tun tana kore, jikinta da tauri, tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba. Masu ƙananan 'ya'ya kamar Bush Pickle, tsawon yatsa ko fiye kaɗan ya isa. A yanke ta da wuƙa ko almakashi, kada a fizge, domin fizga tana karya kara.

Ku duba kowace rana ko bayan kwana biyu, ku buɗa ganyen sosai, tunda a wannan iri 'ya'yan sukan ɓuya a tsakiya. Idan kuka bar guda ɗaya ta ƙosa ta yi rawaya, uwar sai ta mayar da ƙarfinta ga ƙosar da iri, ta rage fitar da sababbin furanni. Yawan tsinka shi ke kawo yawan haihuwa.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye muku ba: mai gajeren yaɗo ba ta kai mai dogo yawan 'ya'ya ba, kuma takan ba da nata cikin 'yan makonni ta gaji. Maganin wannan shi ne kada a shuka duka rana ɗaya. A shuka biyu yau, bayan mako uku a shuka wasu biyu. Kafin na farko su ƙare, na biyu sun fara.

Aikin yi

Ku karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ku rubuta kowace sau uku: yaɗo, gaɓa, saiwa, danshi, ɗaci.

Ku amsa a littafinku. Ta yaya ake gane fure mace? Me ke sa kokwamba ɗaci? Idan fili mai mita ɗaya a faɗi da tsawo yana shan lita 25 a mako, lita nawa irinsa uku za su sha? Wanda ya shuka ranar 1 ga wata, kwana 50 za su cika a wace rana ta wata mai zuwa, idan watan farko yana da kwana 30?

Kafin zama na gaba, kowa ya zaɓi wuri a gidansa, ya lura da awa nawa rana take yi a kansa, ya rubuta. Wanda zai yi amfani da bokiti ya huda shi, ya cika shi da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ya zo mana da labarin yadda ruwa yake fita daga gindinsa.