Ka auri 'yar Italiya? Ga yadda za ka shiga cikin danginta

Kunyar nan tamu ta ƙin cin abinci gaban surukai ka ajiye ta tun a filin jirgi. A Italiya in uwar matarka ta zuba maka abinci ka noƙe ka ce ka ƙoshi, wallahi ba ladabi za ta gani ba, cewa za ta yi girkinta ne bai maka ba. Taron dangi ran Lahadi ne da rana, wajen ƙarfe 1 ake zama kuma sai a kai 4 ba a tashi ba, ana ci ana musu da ƙarfi kamar za a dambace alhali hira ce kawai. Kar ka cika ciki da taliyar farko ka zaci shi ke nan, bayanta akwai nama ko kifi, da ganye, da kayan zaƙi, sannan ɗan kofi mai ɗaci a rufe.

Maganar alade da giya kuwa tun ranar farko za ka faɗa, a fili, kuma matarka ce ya kamata ta yi wa mamanta bayani. Cewa ba ka cin alade kawai bai isa ba fa, don da yawansu ba sa lissafa prosciutto ko pancetta (naman alade da aka adana da gishiri) a ciki, gani suke ai ɗan ɗanɗano ne. Taliyar carbonara da kumatun alade ake yinta, miyar naman Bologna galibi akwai shi, piadina da wasu burodin da kitsensa ake kwaɓawa, risotto kuma, wato dafa-dukar shinkafarsu, ana zuba masa farar giya tun a tukunya. Amma ba za ka zauna da yunwa ba, ga taliya da tumatir da ganyen basiliko mai ƙamshi, ga kifi, ga gauta da cuku, kuma garuruwa irin su Milano, Torino da Brescia mahautan halal ba sa wuyar samu.

Sai ka shiga kicin. Ba raini ba ne a can, maza na girki. Ka tsaya kusa da kakar matarka ka tambaye ta yadda take miyarta, ba za ta ba ka awo ba, da ido take yi, kai dai ka kalli hannunta. Kar ka karya sufageti, kar ka bari ta yi luguf, gishiri a ruwan dahuwa ake sawa, kuma don Allah ka ɓoye kecaf ɗinka. Yajinka ma ka ɗanɗana tukuna kafin ka barbaɗa, sai dai in 'yan yankin Calabria na kudu ka samu, su kam sun san barkono. In 'yan arewa ne za ka haɗu da polenta, kusan tuwon masara ce. In 'yan kudu ne, watan Agusta ana taron dafa tumatir a ɗura a kwalabe na shekara guda, ka je ka wanke kwalabe, a nan ake sabo.

Surukanka ka dinga ce musu Lei, wato “ku” ta girmamawa, har sai sun ce ka koma tu, wato “kai” ko “ke”, da kansu.

Yaren kuma ka dage, ba don hira kaɗai ba. Takardar zama ɗan ƙasa ta hanyar aure sai kun shekara 2 da aure kana zaune a Italiya, ko 3 in a waje kuke, ana rage rabi in kuna da yara, kuma tun 2018 sai ka nuna shaidar iya Italiyanci matakin B1, wato matsakaicin mataki.